Kwatan inci da tsinin tauraro

Shekara 22 ke nan ina kan keken ɗinki a nan Yakasai, kuma duk tsawon shekarun nan hannuna a sake yake wajen yanka. Haka aka koya mana. In za ki yanka riga sai ki bar rabin inci na ɗinki, a gefe ma ki bar inci guda ko fiye, saboda gobe mai kaya za ta iya dawowa ta ce ta ƙara jiki, a buɗe mata. Ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima. Da wannan muke aiki, kuma bai taɓa ba ni kunya a riga da siket ba. Sai bana da na ɗauko ɗinkin tauraro na haɗin ƙyallaye, na tarar a wannan aikin ido shi kaɗai ba ya kai mutum gida.

Abin ya faro ne daga wata jaka da ke ƙarƙashin gadona. Ƙa'idata tun farko ita ce ragowar yadi na mai yadi ne. In na gama ɗinki nakan naɗe abin da ya rage in sa a leda tare da kayan. Wanda mai shi ta ce, "Haba Anti, me zan yi da wannan, ki riƙe," shi kaɗai ke shiga buhun bayan ƙofa. Amma jakar ƙarƙashin gado daban take, ta ƙyallayen gidanmu ce: ankon bikin ƙannena, ankon sunan jikokin Yaya, atamfofin Sallah na yarana tun suna firamare. Masu cusa matashi sun sha zuwa su kwashe buhun bayan ƙofa, jakar nan kuwa ban taɓa iya ba su ba.

Da aka sa ranar auren autata zuwa watan Nuwamba, bakin shigowar sanyi, ita ce ta nuna mini wani bidiyo a YouTube. Wata dattijuwa ce a Amurka take haɗa ƙananan ƙyallaye suna zama tauraro. A can wannan tsohuwar sana'a ce. Sukan haɗa fuskar bargo gida-gida, kowane gida murabba'i ne mai zanensa, sannan su shimfiɗa auduga a tsakiya, su sa wani yadi a baya, su bi da ɗinki ya kama ukun. Da na ci gaba da nema sai na ci karo da labarin ƙabilar Lakota, 'yan asalin ƙasar da ke yankin Dakota. Su suna ɗinka bargo mai ƙaton tauraro guda mai tsini takwas, tauraron asuba, wanda mu muke kira Gamzaki. Sun rungumi wannan ɗinki ne a ƙarshen ƙarni na 19, bayan an ƙarar da ɓaunan dajin da suke lulluɓa da fatarsu. Har yau in za su girmama mutum, a haihuwa ko kammala karatu ko rasuwa, bargon tauraro suke yafa masa. Wannan ne ya shige ni. Haɗa ƙanana su zama babba ba baƙon abu ba ne a wurinmu, gwado da luru ai sirara-siraran saƙa ne aka jera aka ɗinke. Na ce a raina, yarinyar nan za ta tafi ɗakinta da bargon da kowane gida nasa ta san daga jikin wa ya fito.

Na zaɓi tauraron da masu wannan ɗinki a Amurka suke kira mai haƙoran zarto, don shi ne mafi sauƙin shiga. Gida ɗaya in an gama inci 12 ne kowane gefe, kuma ƙyalle 17 ne a cikinsa. Akwai murabba'i babba a tsakiya, da ƙanana huɗu a kusurwoyi. Tsakanin kusurwa da kusurwa kuma akwai wani yanki mai tsawo wanda aka haɗa da alwatika uku, babba ɗaya na yadin fili (wato yadin launi ɗaya da tauraron ke zama a kansa) a tsakiya, ƙanana biyu na atamfa a gefensa. Waɗannan ƙananan su ne tsinin tauraron. Su can suna kiran wannan yankin dinya mai tashi, don ya yi kama da jerin dinyoyi a sama. Ni da yaran shagona fiffike muke ce masa. Fiffike huɗu, tsini takwas. Gadon yarinyar shida da shida ne, don haka gida 36 nake bukata, shida a tsaye shida a kwance, kafin a sa gefe. In aka lissafa, ƙyalle 612 ke nan da tsini 288.

Na farko da na yi, da yamma ɗaya na gama shi. Na yanka da almakashi bisa alli, na ɗinka da ido yadda na saba. Da na shimfiɗa shi a tebur na ɗora tef, gefe ɗaya ya ba ni inci 12, ɗaya gefen 11½, alhali 12½ ya kamata ya bayar kafin a haɗa shi da ɗan'uwansa. Tsakiyar ta yi tudu kamar an kife faifai. Da na gwada ɗinka masa gefe, tsini biyar cikin takwas suka fito a gundule, kamar an datse musu kai. Raina ya sosu ƙwarai, don ƙyallen ankon bikin ƙanwata ne na yi amfani da shi, kuma ba ni da wani.

Daren nan na zauna da takarda da fensir na gano inda matsalar take. A riga ɗinki ɗaya ne ko biyu a faɗin jiki, in kin zarce kaɗan jikin mutum zai shanye. A nan kuwa kowane ɗinki yana ci daga ƙyalle biyu lokaci guda. Tef ɗinmu ya raba inci gida takwas. In kin zarce da rabin layi ɗaya kawai daga cikin takwas ɗin nan, ɗinkin ya cinye layi guda cur, rabi daga dama rabi daga hagu. Ɗinki biyu a jere ɗaya, kin yi asarar kwatan inci. A jera gida shida, da ɗinkin da ke haɗa su, abin ya haura inci biyu. Tsinin kuma ba shi da wurin gudu. An auna shi ne ya tsaya daidai kwatan inci daga bakin yadi, wato milimita shida da ɗan ɗoriya. In allura ta shiga ciki fiye da haka ta yanke masa kai, in ta tsaya waje kuma tsinin ya yi ta shawagi bai taɓa layi ba.

Saboda haka abu na farko da na gyara ba hannuna ba ne, kekena ne. Butterfly ce ta ƙafa, wadda aka saya mini tun ina amarya, kuma ƙafar da ke danne yadi a jikinta ba a yi ta don kwatan inci ba. Na sauke allura a kan layin tef, na auna kwata zuwa dama, na yanka kwali mai kauri na manne shi da salatif a kan farantin keken, ya zama katangar da bakin yadi zai riƙa gogawa. Sannan na yi gwajin da har yau duk wadda za ta taɓa tauraro a shagona sai ta yi shi. A yanka ƙyalle uku, kowane faɗin inci 1½, a ɗinke su a jere, a goge. In na tsakiyar ya ba da inci 1 cif, faɗin duka kuma 3½, katangar ta zauna daidai. Nawa na farko bai kai ba, ya gaza da kaurin zare biyu. Dalili kuwa, ninkin da yadi ke yi a kan ɗinki shi ma yana cin wuri, musamman atamfa mai jiki. Sai na matso da kwalin kusa da allura da kaurin zare ɗaya. A karo na uku ya zauna.

Wajen yanka, kwali ya yaudare ni kafin in gane. Na yanka ma'auni da kwalin takalmi, amma bayan an zagaya shi da alli sau ashirin bakinsa ya cinye, murabba'in ya soma ƙanƙancewa ba tare da na lura ba. Yanzu robar bangon fayil nake yankawa, kuma da fensir mai tsini nake zana layi, don kaurin layin allin tela shi kaɗai ya isa ya ɓata lissafi. Daga baya ɗan Yaya ya yo mini odar wuƙar nan mai kama da tayar keke, wadda kamfanin Olfa na Japan ya fara fitarwa a 1979, tare da tabarmarta ta roba da rula mai layuka. Tana rage aiki sosai, ba na musu. Amma gida 14 na yi kafin ta iso, kuma in kin jera su da na baya ba za ki bambance ba. Kada rashin ta ya hana kowa farawa.

Ga abin da nake yankawa na gida ɗaya. Tsakiya, inci 6½. Kusurwoyi huɗu na yadin fili, 3½ kowane. Na fiffike kuma murabba'i ɗaya na yadin fili mai inci 7¼, da huɗu na atamfa masu 3⅞, wato inci huɗu ba layi ɗaya.

Yadin filin sai da na yi kwanaki ina tunaninsa. Fari ne ya fara zuwa mini, amma farin bargo a ƙurar hunturun Kano wahala ce ga amarya. Sai na sayi farin yadin auduga a Kantin Kwari na taka da ƙafa zuwa marinar Ƙofar Mata, wadda ake ƙirga tarihinta daga 1498, tunda daga gidanmu ba nisa. Na ce a turo mini shi baƙin shuɗi, irin na sararin dare. Halin shuni ne ya sauke abin da ya yi saura a wankin farko, don haka na wanke shi sau biyar da ruwan sanyi, har sai da na jiƙa farin ƙyalle na goga a jikinsa ya fito fes. Atamfofin ma duk sai da na wanke su, saboda wasu an sha sa su, wasu sababbi ne fil, kuma sabo yana tsukewa a wanki, tsoho ya riga ya gama tsukewa. In aka haɗa su ba wanki, ranar da bargon ya shiga ruwa za a ga tattara.

Na ware duk atamfar roba na ajiye gefe. Zafin da auduga ke so a guga ya fi ƙarfin roba, tana ƙanƙamewa ta ja maƙwabcinta. Leshi ma ba ya shiga. Akwai kuma abin da ban zata ba: zanen atamfa manya ne, an yi su don a gani a jikin mace daga nesa. In kika yanko inci huɗu daga ciki ba ki san abin da zai faɗo ba, wani ya fito ja, na kusa da shi ya fito baƙi. In tsini ya faɗo a wuri mai duhu, sai ya nutse cikin shuɗin fili, tauraron ya zama mai tsini bakwai. Auta ce ta koya mini dabara. A jera ƙyallayen a kan yadin fili, a ɗauki hoto da waya, a mayar da shi baƙi da fari. Duk wanda ya ɓace a hoton zai ɓace a bargo. Tun daga nan furen atamfa nake sawa a tsakiya, tsini kuma in nemo shi daga wurin da launi ɗaya mai haske ya fi yawa. Atamfa mai kyau kuma fuska da baya kusan ɗaya suke, sai an duba rubutun bakinta, don haka kafin in yanka nakan ja alli a bayan tun tana ɗaya.

Yanzu ga inda daɗin aikin yake, yadda fiffike huɗu ke fitowa lokaci guda ba tare da an yanka alwatika ko ɗaya ba. Ina shimfiɗa babban murabba'in shuɗi fuska sama. In ɗauki biyu daga cikin ƙananan atamfa, in kifa ɗaya a kusurwar sama ta hagu, ɗaya a kusurwar ƙasa ta dama. A tsakiya za su ɗan hau juna, haka ake so. In ja layi ɗaya da fensir daga wannan kusurwa zuwa waccan, ya ratsa su biyun, in kafa fil. Ba a kan layin ake ɗinki ba. Kwatan inci ta damansa, a juyo, kwatan inci ta hagunsa. Sannan almakashi ya bi layin fensir ya raba abin biyu. In aka buɗe ƙananan aka danne da guga, kowane ɓari sai ya fito da kunnuwa biyu a sama, kamar zanen zuciya. Kowane ɓari yana da sauran kusurwa ɗaya ta shuɗi da ba a taɓa ba. A nan ake kifa ƙaramin atamfa na uku, na huɗu kuma a ɗaya ɓarin, a ja layi daga kusurwar ya fita ta tsakanin kunnuwan nan biyu, a sake ɗinki dama da hagu, a yanka a kan layi. Fiffike huɗu sun fito, kowane inci 3½ a 6½, kuma abin da za a share a ƙasa bai wuce 'yan kunnuwan da aka datse ba. Ranar da na fara ganin haka sai da na kira yaran shago suka zo suka gani.

Amfanin wannan hanya ya wuce tattalin yadi. Duk tela ya san yadi yana da zaren tsaye da zaren kwance. Ja shi ta tsaye, ba ya motsi. Ja shi ta kwance, ya ɗan ba da kai. Ja shi a karkace, daga kusurwa zuwa kusurwa, sai ya miƙe kamar danƙo. Da wannan karkatar muke yanka abin da muke bin wuyan riga da shi don ya lanƙwasu. A tauraro kuwa ita ce abokiyar gaba, don duk gefen da alwatika biyu ke haɗuwa a karkace yake. In kin ɗinka tun yadin yana murabba'i sannan kika yanka, zare ya riga ya ɗaure karkatar kafin a sake ta.

Amma guga na iya warware duk wannan. Akwai yarinyar maƙwabtanmu da ke koyon ɗinki a wurina, mai hankali da son aiki. Wata rana na ba ta fiffike takwas ta goge. Ta hura gawayi a dutsen guga, tunda wuta ba ta zama, ta yayyafa ruwa, ta goge su yadda ake goge shadda, tana turawa tana jawowa da ƙarfi. Da ta kawo, kowane ya lanƙwashe kamar baka.

"Anti, wallahi na goge su sosai," ta ce, idonta ya kawo ruwa.

Na ce mata ba laifinta ba ne, ni ce ban nuna mata ba. Na ɗauko wani na kwantar da shi a rufe yadda ya fito daga keke, na ɗora dutse na ɗaga, don zaren ya kwanta. Na buɗe alwatikan da yatsa, na bi ɗinkin da farce a hankali, sannan na ɗora dutsen na ƙirga biyar na ɗaga. Ba ja, ba turawa. A ɗora, a ɗaga. Ta yi na biyu a gabana, ya fito a miƙe. Yanzu ita ce mai gugar shagon, kuma ita ta kawo shawarar mu riƙa shimfiɗa farin ƙyalle a sama saboda tokar da ke zubowa ta hujin dutsen. Sitaci kaɗan kafin a yanka ma yana taimako ƙwarai, yadin sai ya tsaya kamar takarda.

Tun daga lokacin na ƙara wa kaina sarari. Babban murabba'in fiffike ina yanka shi 7½, ƙananan 4, in sun fito in datse su zuwa 3½ a 6½. In za a datse, daga bakin da alwatika biyu suka haɗu ake farawa, a bar kwatan inci cif a saman mahaɗar, a tabbata ta zauna a 3¼, wato tsakiya, sannan a daidaita sauran ɓangarorin.

A keke, allura lamba 14 sabuwa nake sawa, 16 tana barin huji. Ɗinkin in matse shi, kamar 12 zuwa 15 a inci, saboda za a yanka ta cikinsa kuma ba a komawa baya a ƙulle, ɗinkin da zai gitta shi ne ƙullinsa. Keken ƙafa tana son haɗiye kusurwar yadi a farkon tafiya, don haka nakan fara da wani tarkacen ƙyalle, in biyo da na gaske a bayansa, wani bayan wani ba tare da na tsinke zare ba, su yi ta zubowa bayan keke a jere kamar carbi.

Haɗa gidan layi uku ne. Na sama, kusurwa da fiffike da kusurwa. Na tsakiya, fiffike da babban murabba'i da fiffike. Na ƙasa kamar na sama. A kula, mahaɗar alwatikan ciki take kallo, wajen tsakiya. In kin juya fiffike ta baya za ki ga inda layukan ɗinki biyu suka gitta juna kamar alamar sau a lissafi. Wannan gicciyen shi ne jagora. Kullum fiffiken nake sawa a sama don in riƙa ganinsa, in na kusa in rage ƙafa, in kama tayar keken da hannu, in sa allura ta wuce ta gefensa na waje da kaurin zare ɗaya. In ta bi ta cikinsa, an ci mahaɗa. Wajen guga, layin sama da na ƙasa ina kwantar da ɗinkinsu zuwa kusurwoyi, na tsakiya kuma zuwa babban murabba'i. Da haka in aka kifa layi a kan layi, ninkin wannan ya kalli dama na wancan ya kalli hagu, su shige juna. Da yatsa ake jin sa, wani ɗan ƙulli ne da ke zama daram ba ya zamewa. In na ji shi sai in kafa fil a wurin. Wanda bai zauna ba nakan farke shi, ko da sau biyu ne. Gyara kayanka ai ba ya zama sauke mu raba.

Na gwada wasu taurarin don in ga ko zan cakuɗa. Tauraron Ohayo, wanda tsininsa ke fitowa daga murabba'i mai alwatika huɗu, ya yi mini kyau amma atamfa tana yi masa yawa. Akwai kuma mai lu'ulu'u takwas da duk suke haɗuwa a ɗigo ɗaya a tsakiya, wanda ɗinki uku ke karo a kusurwa guda. Shi sai an tsaya kwatan inci kafin ƙarshe a kowane layi. Na yi ɗaya ya zauna, na ajiye shi don matashi. Bargon dai na bar shi iri ɗaya.

Akwai zani ɗaya a jakar da na ƙi taɓawa sai da na cika gida 20. Na Inna ne, Allah ya jiƙanta, shekara shida ke nan da rasuwarta. Atamfa ce kore mai ruwan goro, wadda take ɗaurawa in za ta fita unguwa. Sau uku ina shimfiɗa shi a tebur ina mayarwa. Ranar da Yaya ta zo ta tarar da shi a shimfiɗe, ni kuma ina tsaye da almakashi, ta gane. Ta ja kujera ta zauna, ta shafa shi, ta ce, "Yanka. Gara ya rufa jikarta da ya ƙare a akwati."

Na ce, "Yaya, in na ɓata fa? Babu wani."

Ta ce, "Ai shi ya sa kika yi ashirin kafin shi. Yi bisimilla."

Tsakiyar zanin, inda ake zama, ta yi laushi har ana hango haske ta cikinta. Gefunan ne ke da sauran ƙarfi. Na ɗaga shi a rana na zagaye wuraren da suka yi saura da alli, na manna musu gam mara kauri, irin wanda muke sa wa wuyan riga, don kada karkata ta ja su. Na auna sau biyu kafin kowane yanka. Gida huɗu ya bayar, ba ƙari, kuma tsini 32 ɗin nan babu wanda ya rasa kansa. Su za su zauna a kusurwoyi huɗu na bargon. Yaya ta tattara 'yan guntayen da suka zuba ta ƙulle a bakin mayafinta.

Yau gida 35 ne a jere a kan gadona. Saura ɗaya, sai gefe, sai audugar ciki da yadin baya da zan shiga Kwari in nemo. Ranar Litinin auta ta shigo ta tsaya a kansu tana nunawa da yatsa, wannan na sunan wane ne, wannan na Sallar da ta yi zazzaɓi, har ta kai kan koren ta yi shiru. Can ta ce, "Umma, ki bar mini na ƙarshen ni in ɗinka." Ta ɗauko ragowar atamfar da aka kawo mata a kayan sa rana. Na ce to, amma ba za ta taɓa ta ba sai ta wuce gwaji kamar kowa. Na ba ta ƙyalle uku masu inci 1½ na zaunar da ita a keke. Na farko ya gaza, na biyu ya zarce. Jiya bayan isha'i ta kawo mini na uku da tef a hannu, na tsakiyar ya ba da inci 1 cif. Ranar Asabar za ta yanka.